Ɗankunnen Tabawa da Injinan Shara Biyu

A wani gari da ake kira Tsaf-Tsaf, babu datti. Ba wai mutanen garin sun fi kowa riƙe tsintsiya ba ne, doka ce ta hana. Kakan Mai Gari na yanzu ne ya kafa ta, kuma gajeriya ce, ko mai gyangyaɗi zai haddace: duk wanda ya ga datti, shi ya zuba shi. Hukuncinsa a ɗaure masa komatsansa a raka shi bayan ganuwa, wata unguwa da ake ce wa Unguwar Masu Ido, ba zai sake kwana a cikin gari ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Kada mai karatu ya fara waige-waige, ba garinku nake nufi ba. Ku ai kuna faɗin abin da kuka gani.

Saboda wannan doka, mutanen Tsaf-Tsaf sama suke kallo in suna tafiya. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka neman wata ake yi da rana tsaka. Ciwon wuya shi ne ciwon gari, kuma masu man zafi sun fi kowa gina gidaje. In mutum ya taka ɓawon ayaba ya sha ƙasa a Kasuwar Ba-A-Dawowa, sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce jiri ne ya ɗebe shi, jama'a su yi masa sannu suna duban gajimare.

A zauren Mai Gari akwai wata dattijuwa, Iya Tabawa, shekararta ashirin da takwas tana share wurin. A takarda ba a ce mata mai shara, tunda babu abin sharewa. Sunan muƙaminta Mai Shafa Ƙasa. Ta ƙware a aikinta har ta koyi yin shara da kunne da tafin ƙafa, kanta a karkace, idonta a jikin bango. Abin da ta tara takan zuba a kwano ta rufe da faifai, in an tambaye ta ta ce saƙo ne. Ladan wannan aiki ɗaki guda ne a bayan zaure, da bishiyar lemun tsami da ta dasa da hannunta a bakin ƙofa, ba ta da wani wurin da ya wuce nan a duniya. Kowa ya san ta da ɗankunne ɗaya a kunnen hagu. Na marigayiya mahaifiyarta ne, ɗan'uwansa ya faɗi ranar naɗin Mai Gari shekara tara da suka wuce, ba ta kuwa isa ta sunkuya ta duba ƙasa ba. Ta ƙi cire na hagun, ta ƙi sayen wani.

Fitinar ta taso ne daga walima. Mai Gari Jatau ya je tarewar sabon gidan wani takwaransa a maƙwabta, ya tarar da wani abu mai dogon hanci a falo yana gurnani yana zuƙe ɓurɓushin cincin daga darduma. Aka ce masa injin shara ne, yanzu kowane gidan kirki da shi. Mai masaukin ya tambaye shi a gaban mutane su wane iri suke amfani da shi a Tsaf-Tsaf. Mai Gari ya ce nasu ya fi wannan ƙara. Ya dawo gida ya yi kwana biyu ko furar kirki bai iya sha ba.

A kwana na uku ya tara Majalisar Gyaɗa Kai, su goma sha biyu, ya ce yana son injin shara a zaurensa da kowane gida a garin. Suka gyaɗa. Wani sabon ɗan majalisa da bai gama koyon aiki ba ya tambaya ko me injin zai riƙa zuƙa. Sarkin Tsafta Buwai, wanda shekara goma sha bakwai yana kan muƙamin bai taɓa duban abin da ke ƙasa da gwiwarsa ba, ya yi gyaran murya ya bayyana masa cewa garin da ba shi da datti shi ya fi cancanta da injin shara, domin ba zai taɓa lalacewa ba. Majalisa ta gyaɗa sau biyu. Sabon ɗan majalisar ya gyaɗa sau uku don ya rama.

Aka kafa Kwamitin Adalcin Gwaji, aka yi shela masu injina su zo ranar Alhamis da hantsi, wanda ya ci shi za a tilasta wa kowane gida saye. Da aka duba aka ga duk kwamitin babu wanda ya san ta ina ake riƙe tsintsiya, sai aka cusa Iya Tabawa a ciki. Aka gaya mata ita za ta riƙa tura duk injin da aka zaɓa. Wannan ya sa ta ɗauki abin da gaske, don bayanta ya gaji da sunkuyo, ta kuma san in aka zaɓi na banza ita za ta tura shi da safe, ta bi bayansa da tsintsiya da rana.

Ranar Alhamis zaure ya cika maƙil. Ana gama zama Hukumar Wuta ta Sai-An-Gani ta ɗauke wuta, kamar yadda kowa ya yi tsammani, aka tayar da janareta.

Mutum biyu suka zo. Na farko Alhaji Mamuda, babban dillalin Ba-A-Dawowa, mutumin da ya taɓa sayar wa kurma rediyo kurman ya dawo ya yi godiya. Tun daga ƙofa ya raba wa 'yan kwamiti huluna masu hoton injinsa, ya ce ba toshiyar baki ba ce, don rana ce, alhali a inuwa ake zaune. Injin nasa sunansa Rufin-Asiri, baƙi ƙirin, girman rago, da buhun baƙin yadi a bayansa ɗinke ruf babu ko maɓalli. Ya ce wannan buhu ba a buɗe shi har abada, shi ya sa manya ke son sa.

Na biyu Malam Isiyaku, wani siririn mai gyaran fanka daga wani ƙauye, wanda in zai yi magana sai ya nemi afuwa tukuna. Nasa injin ƙarami ne, ana ce masa Ciki-Fayau, don cikinsa kamar kwalba yake, ana hango komai. Bai zo da hula ba. Bai ma san dokar garin ba, kuma babu wanda ya gaya masa, tunda faɗin dokar kan sa a yi zargin mutum ya ga wani abu.

Alhaji Mamuda ya fara. Ya shimfiɗa wani allon katako da ya zo da shi, goge sumul har fuska na fitowa. Ya zaro kwalba daga aljihu tare da takarda mai hatimi uku, wadda ta tabbatar abin da ke ciki baƙon datti ne daga ƙetare, saboda haka kallon sa ba laifi ba ne. Zaure ya yi ajiyar zuciya, wuyoyi suka sauko suna ƙara. Wasu dattawa rabon su da ganin datti da izini tun suna yara, har wani ya share ƙwalla. Iya Tabawa ta leƙa, ta ga audugar rimi ce, irin ta bishiyar bakin kasuwa.

Ya jera gutsure bakwai a kan allon ya kunna. Rufin-Asiri ya yi wani irin ruri da ya girgiza kwanon rufi, jemagun da ke maƙale a azara suka yi waje. Audugar ta tashi sama. Uku suka shige hannun babbar rigar Sarkin Tsafta, uku suka bi taga, ɗaya ta sauka a gemun Mai Gari ta zauna daram. Allo ya fito tas. Aka yi tafi har da guɗa, Mai Gari ya yi murmushi irin wanda bai yi ba tun ranar walima, audugar na rawa a gemunsa.

Sai Alhaji ya ce, saboda zumunci, shi da kansa zai gwada wa jama'a injin ƙaninsa Isiyaku. Ya kwarara kunun tsamiya a kan allon, ya zuba duwatsu huɗu kowanne ya kai dunƙulen hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tiyon injin kamar bai sani ba, ya kunna. Ciki-Fayau ya yi 'yar shessheƙa ya yi shiru. Alhaji ya girgiza kai cikin tausayi. Malam Isiyaku ya nemi afuwa, ya buɗe baki zai yi bayani, ya sake neman afuwa ya zauna.

Sarkin Tsafta ya miƙe zai sanar da sakamako, sai aka ji muryar Iya Tabawa.

“Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba,” in ji ta, ta durƙusa. “Amma in za a gwada mata biyu a daka, turmi ɗaya ake ba su, hatsi iri ɗaya. Alhaji ya zo da allonsa, ya zo da dattinsa, ya kuma zo da ƙafarsa. A ba ni injinan duka biyun in tura a dardumar nan da muke zaune a kai, tunda a kanta zan riƙa turawa.”

Alhaji Mamuda ya sha jinin jikinsa. Ya ce injinsa bai saba da ƙasar nan ba, ɗan ƙetare ne, yana iya kamuwa da mura. Ya ce kuma ba a taɓa jin inda mai saye ya tsara yadda za a gwada kaya ba, wannan raina sana'a ne. Amma Sarkin Tsafta ya raɗa wa Mai Gari cewa a bar ta, ai babu abin tsoro: darduma ba ta da komai, injinan za su tashi babu-babu, sai a zaɓa da ƙara. Abin da ya fi ba ni haushi da mutumin nan ke nan, ba munafunci yake yi ba, ya yarda da dokar har cikin ransa.

Dardumar kuwa ta kakan Mai Gari ce, shekara arba'in a shimfiɗe. Ba a taɓa ɗaga ta ba, ba a taɓa bugun ta ba, domin bugun darduma a Tsaf-Tsaf daidai yake da tuhumar ta. Tsintsiyar Tabawa samanta kawai take shafa. Duk garin an san ta da launin ƙasa-ƙasa, har marina na kiran wannan launi ruwan zaure.

Tabawa ta fara da Rufin-Asiri. Ta tura shi gaba da baya sau uku, hulunan kwamiti suka tashi, wata akuya da ke leƙe ta taga ta suma. Da ta kashe ta ɗaga buhun, ta ji shi sakayau kamar yadda ya zo. Ta kara tafin hannu a bakin hancin, ta ji sauran iska mai ɗumi na fitowa waje. Ta gane injin hurawa yake yi, ba zuƙa ba. Sarkin Tsafta ya sanar cewa injin ya bincika ya tabbatar da abin da doka ta faɗa tun shekara arba'in. Aka sake tafi.

Sannan ta ja Ciki-Fayau, ta ture ƙafar Alhaji daga kan tiyo da gefen tsintsiya, ta kunna. Ƙararsa ba ta wuce ta kyanwa mai barci ba, har wasu suka fara dariya. Ta tura sau ɗaya tak, daga bakin ƙofa zuwa ƙafar kujerar Mai Gari. Inda injin ya bi sai ga wata doguwar hanya ja wur, da furanni shuɗɗa da tsuntsaye. Ashe dardumar ja ce.

Cikin kwalbar kuwa abin ba a cewa komai. Tukar goro ta zamani uku tana juyawa, da ɓawon gyaɗa, da tsinken sakace, da ƙayar kifi, da gashin gemu fari da baƙi, da yagaggun takardun koke da talakawa suka kawo aka ce an miƙa sama, da haƙorin wani ɗan majalisa da ya rantse a hanyar Makka ya faɗi. Malam Isiyaku ya washe baki, a zatonsa ya ci.

“A rufe ido!” in ji Sarkin Tsafta.

Zaure duka ya runtse, daga Mai Gari har mai kaɗa masa mafici. Tabawa ba ta buƙatar umarni, ita ce gwanar rashin gani a garin, tuni ta karkatar da kai zuwa bango. Sai dai a daidai juyawar wani abu ya ƙyalla a wutsiyar idonta, ƙarami, mai ɗan jan dutse a tsakiya. A daidai lokacin kuma man janareta ya ƙare, wuri ya yi tsit.

“Lah, ɗankunnen Innata,” in ji ta, a hankali.

Da janareta na aiki da babu wanda zai ji. Kowa ya ji.

Mai Gari Jatau ba mugu ba ne, in an bi ta gaskiya, mutum ne da ya gaji kujera da doka tare, bai taɓa raba su ya duba ba. Tabawa ta san shi tun yana satar lemunta. Ido a rufe ya ce, “Iya, ina jin kunnuwanmu ne suka yi mana gizo saboda ƙarar injin Alhaji. Ki ce ba ki ga komai ba. A fitar da wannan abu da duk abin da ke cikinsa a jefa a rijiya, ke kuma ki koma ɗakinki.”

Majalisa ta gyaɗa a makance, biyu suka yi karo da goshi.

Tabawa ta tsaya. Ta tuna ɗakin, da gadon ƙarfenta da ba zai fita ta ƙofar ba sai an kwance, da lemun da ya fara nuna a wannan makon. Tsoro ya kama ta sosai, don shekarunta sun wuce na fara sabon zama a wani wuri. Ta taɓa kunnenta na dama, inda hujin ya kusa toshewa.

“Ranka ya daɗe,” in ji ta, “shekara ashirin da takwas ina kwashe muku abin da babu. Wannan guda ɗaya dai akwai shi, kuma nawa ne.”

Ta kwance kwalbar, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta lalubo shi, ta hure, ta goge da bakin zane. Sai da ta ɗan yi fama da hujin kafin ya shiga. Duk zauren ana jin motsinta, babu mai gani.

Ba a ɓata lokaci ba. Sarkin Tsafta ya karanta hukunci ido a rufe, takardar a juye: duk abin da ke cikin kwalbar, Tabawa ce ta zuba shi, har da haƙorin, har da na shekara goma sha biyun da ba ta fara aiki ba. Malam Isiyaku an same shi da laifin kawo injin da ya yi wa dardumar kaka ƙazafi. Ya nemi afuwa. Kafin la'asar an raka su biyun bayan ganuwa, ita da ƙunshin kayanta a ka, shi da injinsa a kafaɗa, masu rakiya na tuntuɓe suna cewa jiri ne. Jan layin da ke dardumar kuwa aka sa dogarai suka yi ta tattaka shi har ya koma ruwan zaure.

Rahoton kwamiti ya fito washegari, ya ce ba a taɓa gwajin da ya kai wannan adalci ba, tunda har ƙorafin Mai Shafa Ƙasa an saurara kafin a kore ta. Rufin-Asiri ya ci saboda ya fi ƙara, ya kuma yarda da doka. Kowane gida ya saya. Tun daga nan, kullum da safe garin kan ɗauki ruri, kowa na hura abin da babu zuwa gidan maƙwabcinsa, da rana maƙwabcin ya huro masa da ƙari. Alhaji Mamuda ya buɗe shagon audugar toshe kunne a kusa da na injin.

A zaure kuwa ba a naɗa wata Mai Shafa Ƙasa ba, an ce zamani ya wuce wurin. Bayan wata uku 'yan majalisa suka fara buga goshi a saman ƙofa in za su shiga. Aka zauna a kan batun, Sarkin Tsafta ya bayyana cewa mutanen Tsaf-Tsaf ne ke ƙara tsawo saboda kyakkyawan mulki. Aka yi biki, aka yanka sa. Bayan wata shida ƙafafun kujeru suka nutse, aka ce kafinta ne ya yi ha'inci, aka tsare shi kwana biyu.

Labarin Unguwar Masu Ido kuwa a bakin masu kawo itace nake jin sa, ni ban je ba. Sun ce wurin ba ya rabo da gardama, don ko tsinke mutum ya yar sai an kira sunansa. Sun ce kuma kana iya shanya gari a tsakiyar titi ka kwashe abinka fari fat. Isiyaku na zagawa gida-gida da injinsa, ya rage neman afuwa. Tabawa ta dasa wani lemun, bai kai gwiwa ba tukuna, ta ce ba lalle ta ci 'ya'yansa ba. Lemunta na bayan zaure ya bushe, iskar Rufin-Asiri ta ƙone shi.

Ranar da injin ya cika shekara aka yi taron godiya. Mai Gari ya shigo zaure da rarrafe, don ƙofar ta rage kamu uku, ya zauna rawaninsa na gogar azara, audugar rimin nan har yanzu tana gemunsa, ta yi baƙi. Da aka gama jawabai sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a kashe injin. Ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya daɗe, sannan ya ɗago ya tambaya a hankali, kamar mai roƙo, ko akwai wanda ya ga wani abu.

Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ina wurin, a layi na biyu, da hular Alhaji Mamuda a kaina, kuma sai da ya tsaya a kaina ya ɗan jima.

Wannan takarda dai daga cikin gari nake rubuto muku ita, a ɗakina, kaina na gogar rufi. Ku ma na ga a gidajenku kuke karantawa.